Yadda Mai Jinya Ya Sami Haƙƙin Ziyara A Texas

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu taɓa aiki a gidajen kula da tsofaffi a Amurka, ga wani ɗan tarihi. Tun 1987 dokar tarayya ta ba mazauna waɗannan gidaje haƙƙin ganin danginsu. Amma ranar 13 ga Maris 2020, da korona ta ɓarke, hukumar lafiya ta CMS ta ce a rufe ƙofa ga masu ziyara, sai a lalura mai tsanani kamar gargarar mutuwa.

Nan aka yi kuɗin goro. Ɗiyar da kullum take ba mahaifiyarta abinci a baki, ita ma aka mai da ta baƙuwa, ta koma leƙe ta taga. Mai ciwon mantuwa kuwa, wa zai fahimtar da shi? Gani yake an yashe shi.

A Nuwamba 2021 kusan kashi 88 cikin 100 na masu zaɓe a jihar Texas suka amince a sa a kundin tsarin mulkin jihar cewa kowane mazauni zai zaɓi mai jinyar da ba za a hana shi shiga ba. Sai dai dokar jihar ta yarda a dakatar da ziyarar na 'yan kwanaki idan cuta ta tsananta.