Kuɗin Da Ba Su Ɗauke Da Sunan Sarki

A Gidan Tarihi na Ashmolean, mallakar Jami'ar Oksfod ta Ingila, akwai zauren da aka keɓe wa tsofaffin kuɗi tun 1922. A can ake adana tsabar Girkawa da Rumawa da dinarin daulolin Musulunci. Darajar dinari ga manazarci ita ce yana ɗauke da sunan mai mulki da shekarar da aka buga shi. Alal misali, dinarin Murabiɗai na Sijilmasa, cikin ƙarni na 11, shaida ne na zinariyar Afirka ta Yamma da ta ƙetare Sahara.

Amma mai neman tsabar Sarkin Zamfara na Anka a wannan zaure ba zai samu ba, domin sarakunan Hausa ba su buga kuɗi ba. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin rashin tsarin ciniki. Kuɗin ƙasar wuri ne, wanda asalinsa tsibiran Maldib ne na Tekun Indiya, kuma ita kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731. A 1851 Barth ya tarar wuri 2,500 ne ke sayen riyal ɗaya a Kano. Wuri 20,000 shi ne keso. Da irin wannan lissafi Kambarin Barebari na Gummi suka yi fataucin goro zuwa Gwanja. Turawa sun hana shigo da wuri a 1904, sannan sule da anini suka maye gurbinsa.

To, wuri ba ya faɗin sarki, ba ya faɗin shekara. Shaidarsa tana cikin tukunyar da aka binne da kufan da aka same ta. Da zarar an tone ba tare da rubutawa ba, shaidar ta salwanta. Ga shi kuwa haƙar zinariya, wadda gubar dalmarta ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, ta birkita ƙasa mai yawa. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ko ma'aikaci da ya ji labarin tukunyar wuri ya rubuta inda aka same ta, ya kuma sanar da jami'a kafin a watsar.