Lasifika mai ƙaho da masu ƙera ta da katako a gida

Lasifika mai ƙaho ita ce wadda ake haɗa injinta da wata hanya mai siffar mazurari, tsukakkiya a maƙogwaro, tana buɗewa sannu a hankali har zuwa baki. Wadda aka fi sani a ƙasar nan ita ce ta ƙarfe da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci ko a kan motar masu tallar magani. Amma a Amurka da Japan da ƙasashen Turai akwai masu ƙera manyanta da katako a gidajensu domin sauraron kiɗa, wasu girmansu ya kai na kabad ɗin tufafi. Sha'awa ce da ta haɗa aikin kafinta da lissafi, kuma lissafin ne ke yi wa zarto jagora.

Yadda ƙahon ke ƙara sauti

Injin lasifika faifai ne da maganaɗisu ke kaɗawa gaba da baya. Faifan yana da nauyi, iska kuwa sakayau take, don haka idan ya tura ta sai ta goce, kamar mai tuƙa kwalekwale da sanda maimakon filafili. Shi ya sa lasifikar akwati ta yau da kullum ba ta mayar da abin da ya wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti. Sauran yakan tafi a zafi. Ƙaho yana tsare iskar a maƙogwaro yadda faifan zai sami abin turawa, sannan ya sake ta a hankali zuwa cikin ɗaki. Buɗaɗɗen bakin kakaki da na algaita irin wannan aikin suke yi.

Bambancin ba kaɗan ba ne. Lasifikar akwati takan ba da ƙara kusan desibel 87 daga wat ɗaya, babbar mai ƙaho kuwa takan kai 105. Ma'ana, ƙarar da mai ƙaho za ta bayar da wat ɗaya, sai an ba ta akwati fiye da wat 60 kafin ta kamo ta. Wannan ne ya sa masu amfilifaya mai kwalabe irin ta tsoffin rediyoyi, wadda ƙarfinta bai fi wat 3 zuwa 8 ba, suka fi kowa son ta. Ga gidan da ya dogara da batir da sola ma, lissafin ba abin rainawa ba ne.

Asali

Garmaho na farko ba ya amfani da lantarki, ƙahon ne kaɗai ke ɗaga muryar. Da fim mai magana ya fito a 1927, kamfanin Western Electric ya cika gidajen sinima da manyan ƙahoni masu lanƙwasa, domin amfilifayar lokacin ba ta da ƙarfi. A Ingila, Paul Voigt ya fito da wani salon buɗewar ƙaho da har yau masu sha'awa ke bi. Sai dai wanda ya shigar da babban ƙaho cikin falo shi ne Paul Klipsch, injiniya a garin Hope na jihar Arkansas, wanda ya kafa kamfaninsa a 1946. Lasifikarsa mai suna Klipschorn har yanzu ana ƙera ta.

A Japan, marubuci Tetsuo Nagaoka, wanda ya rasu a 2000, ya shafe shekaru yana wallafa zane-zanen lasifika a mujallu, tare da taswirar yadda za a yayyanka faifan katako ba tare da asara mai yawa ba. Yawancinsu ƙananan injinan Fostex yake sa wa, ƙahon yana naɗe a bayan injin. Zanensa mai suna Swan, mai dogon wuya, ya shahara ƙwarai.

Dalilin girman

Mai kallo zai iya ɗauka cewa burga ce ta sa ake yin su ƙatta. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Sauti mai kauri da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, irin na ƙasan babbar ganga, tsawon zangonsa ya kai mita 8.6. Ƙa'idar ita ce kewayen bakin ƙahon ya yi kusan daidai da wannan tsawo, wato baki mai faɗin mita 2.7 idan a fili yake. Ƙahon masallaci bakinsa ƙarami ne, shi ya sa yake kai muryar ladan nesa amma ba ya fitar da kaurin ganga.

Dabarar Klipsch ita ce ya mayar da ɗakin kansa wani sashe na ƙahon. Idan aka ajiye lasifikar a ƙasa, daɓen yana rage girman bakin da ake buƙata zuwa rabi. Idan aka jingina ta da bango, ya koma rubu'i. Idan kuma aka cusa ta a kusurwa, inda bango biyu da daɓe suka haɗu, kashi ɗaya cikin takwas ya isa, wato ƙasa da murabba'in mita ɗaya. Tsawon hanyar ma haka. A salon da aka fi bi, filin hanyar yana ninkawa duk bayan kimanin santimita 47, don haka ƙahon kusurwa yakan buƙaci hanya mai kusan mita 2. Ita ce ake naɗewa cikin akwati kamar hanji.

Naɗin yana da farashi. Sautin da ya bi hanyar mita 2 yakan makara da kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa a kan siririn sautin da ke fita kai tsaye. Injiniyoyin kamfanin fim na MGM sun gamu da wannan a shekarun 1930, lokacin da takun 'yar rawa ya riƙa fitowa sau biyu daga lasifikar sinima. Gyaransa ne ya haifar da ƙahon Shearer. A yau akan daidaita shi da na'urar da ke jinkirta siririn sautin.

Aikin katakon

Kafin a taɓa zarto, masu aikin kan gwada zanen a kwamfuta. Manhajar da suka fi amfani da ita ita ce Hornresp, wadda David McBean ya rubuta kuma kyauta ce. Katakon da aka fi so shi ne mai hawa-hawa da aka manne, na itacen birch, mai kaurin milimita 18, saboda ƙarfinsa. MDF ya fi araha da sauƙin yanka, amma yana da nauyi, yana kumbura idan ya sha danshin damina, kuma ƙurarsa tana cutar da huhu, don haka ba a yanka shi ba takunkumi.

Wahalar tana cikin kusurwoyin ciki. Allunan da ke juya sautin ba a miƙe ake yanka gefensu ba, kowanne da nasa karkacewar, kuma kuskuren 'yan milimitoci a maƙogwaro yana sauya sautin gaba ɗaya. Kafintan da ya saba cike giɓi da garin katako da gam sai ya ajiye wannan ɗabi'a. Iskar da ke kusa da injin a matse take ƙwarai, ƙaramar kafa ta isa ta zubar da kaurin sautin. Haka kuma duk allon da ba a ƙarfafa shi da sanda ta ciki ba zai riƙa rawa yana ƙara nasa amon. Saboda haka akan fara harhaɗa komai ba gam, a auna, a warware, sannan a manne, domin da zarar an rufe allon ƙarshe babu sauran hanyar kai hannu ciki. Ƙahonin siririn sauti kuwa akan manna katakai hawa kan hawa a sassaƙe su a injin juyi, kamar yadda ake fafe akushi.

Abu biyu ne sabon shiga ya fi mantawa. Na farko kunne. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ƙayyade desibel 85 na awa 8 a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan, matakin da irin wannan lasifika ke kaiwa da ƙasa da wat ɗaya. Na biyu ƙofa. Akwatin da aka harhaɗa a tsakar gida sau da yawa ya fi ƙofar ɗaki faɗi, shi ya sa gogaggu ke auna ƙofar tun a matakin zane, ko su raba akwatin gida biyu a haɗa shi a ciki.