Daga Taushi Zuwa Lasifika: Neman Wurin Kiɗa a Sakkwato

Duk wanda ya ratsa Ƙofar Taramniya a lokacin bukukuwa zai ga samari da lasifika da kwamfuta, waɗanda ake kira DJ, kowa na neman a ɗauke shi biki. Idan muka waiwayi tarihi za mu ga cewa neman wurin kiɗa tsohon al'amari ne a birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809.

A da, makaɗi ba ya tallar kansa. Sanƙira ne ke shelar sunansa, ubangida kuwa shi ke ba shi riga da doki. Haka Salihu Jankiɗi ya zauna a matsayin Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa kafin Sardauna Ahmadu Bello ya ji muryarsa.

Kaset da Rediyon Rima sun rage dogaro da fada. Yau kuma saurayi shi ne sanƙiran kansa a Facebook da TikTok.

Sai dai muna tunatar da 'ya'yanmu cewa talla tana kawo biki na farko ne kawai. Na biyu sai wanda ya iso da wuri, ya san dangin amarya, ya rage sauti lokacin salla. Magabata sun yi shekaru a amshi kafin su riƙe jagora, kuma da haka sunansu ya ɗore.