Yadda Talakawan Koriya Suka Sami Karatu

Daga ƙasar Sin mutanen Koriya da na Japan suka fara koyon rubutu. Amma rubutun Sin da wuya yake, gama sai mutum ya haddace alamu dubbai kafin ya iya karatu. Manomi ba shi da wannan zarafi, saboda haka ilimi ya zama na 'ya'yan manya kaɗai.

Mutanen Japan suka rage wahalar wajen ƙarni na 9, suka fitar da alamu masu sauƙi daga na Sin. A Koriya kuwa Sarki Sejong ya shirya haruffa 28 a shekara ta 1443, aka yi shelarsu a 1446, domin talaka ya rubuta harshensa. Malaman fada suka rena su, suna kiransu rubutun mata, suka riƙe na Sin har shekaru 400 da ɗoriya.

Abin da manya suka ƙi, shi masu bi suka ɗauka. John Ross, ɗan mishan daga Sikotlan, tare da waɗansu 'yan Koriya, suka juya Bisharar Luka da waɗannan haruffa a 1882, Sabon Alkawari kuma a 1887. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito a 1911. Mata da manoma suka koyi karatu domin su karanta da kansu. Yau da haruffan nan dukan Koriya take rubutu.

Namu na Hausa ya fito a 1932. 'Yan'uwa, mutum nawa ne a ikkilisiyarku har yanzu sai an karanta musu?