Yadda Microsoft ya shaƙe Netscape

Duk wanda ya taɓa zama a shagon intanet shekarun baya zai tuna wani harafin "e" mai launin shuɗi a fuskar kwamfuta. Da yawanmu mun ɗauka shi ne intanet ɗin kansa. Alhali burauza ce kawai, wato manhajar buɗe shafuka, sunanta Internet Explorer. Yadda aka yi ta mamaye kwamfutocin duniya kuwa, sai da ya kai kamfanin Microsoft gaban kotu.

A ƙarshen 1994 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Netscape ya fito da burauzarsa Navigator, nan da nan ta kama kasuwa. A lokacin, sama da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin da ke amfani da na'urar Intel ko irinta, Windows ce ke tafiyar da su. Ƙarfin Windows daga wuri ɗaya yake: masu rubuta manhaja suna rubuta wa Windows saboda a can jama'a suke, jama'a kuma suna sayen Windows saboda a can manhajoji suke. To idan burauza ta zama wurin da manhajoji ke aiki fa? Shi ke nan, ba ruwan kowa da wace babbar manhaja ce a ƙarƙashi. Wannan shi ne abin da ya tsorata Bill Gates. A watan Mayun 1995 ya rubuta wa manyan ma'aikatansa takarda, ya kwatanta intanet da ambaliya, ya kuma ambaci Netscape a matsayin abokin hamayya.

A watan Yunin shekarar, wakilan kamfanonin biyu suka zauna. Kamar yadda kotu ta tabbatar daga baya, Microsoft ya nemi Netscape ya bar masa kasuwar Windows 95, ya je ya nemi abinci a wasu wuraren. Netscape ya ƙi. Daga nan sai Microsoft ya fara raba Internet Explorer kyauta, ya kuma ɗinke ta a jikin Windows yadda cire ta ke da wuya. Kamfanonin da ke haɗa kwamfuta aka hana su goge alamarta daga fuska. Da Compaq ya gwada a 1996, sai aka yi masa barazanar soke lasisin Windows, wanda a wancan zamanin daidai yake da rufe shago. Kamfanonin da ke haɗa mutane da intanet, irin su AOL, su ma aka ƙulla yarjejeniya da su don su fifita Internet Explorer.

Ranar 18 ga Mayun 1998 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka maka Microsoft a kotu, bisa dokar Sherman ta 1890 mai hana babakere. Microsoft ya ce shi inganta hajarsa ya yi, kuma wa aka cuta da kyauta? Alƙali Thomas Penfield Jackson bai gamsu ba. A watan Yunin 2000 ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu. Shekara ɗaya bayan haka kotun ɗaukaka ƙara ta soke batun rabawar, ta kuma cire alƙalin daga shari'ar saboda hirarrakin da ya yi da 'yan jarida a ɓoye. Amma ta tabbatar da babban laifin: Microsoft ya bi haramtattun hanyoyi don kare babakerensa. Ka lura, girma ba laifi ba ne a dokar. Laifin shi ne ka yi amfani da girmanka ka toshe wa wani hanyar zuwa wurin mai saye.

An sasanta a ƙarshen 2001, amma ga Netscape ihu ne bayan hari. Tun 1998 AOL ya sanar da sayen kamfanin a kan dala biliyan 4.2, burauzar kuma tana ta dusashewa.

To, wa aka cuta? Ga amsar. Internet Explorer 6 ta fito a 2001, lokacin da babu sauran abokin gasa. Sai da aka shekara biyar, a 2006, kafin ta bakwai ta fito. Tsawon wannan lokaci duniya na fama da burauza mai cike da kafofin da ɓarayin intanet ke shiga. Abin da ya farkar da Microsoft shi ne Firefox, wadda ta fito a 2004, kuma tushenta rubutun manhajar da Netscape ya sakar wa jama'a ne a 1998.

Shari'ar ba ta tsufa ba. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya samu Google da laifin babakere a harkar bincike, ya kuma jingina da hukuncin Microsoft. A 2021 kaɗai Google ya biya sama da dala biliyan 26 don manhajar bincikensa ta zama wadda za ka tarar a waya da burauza tun daga kwali. Kamfanoni sun daɗe da sanin cewa yawancinmu ba ma canja abin da muka tarar. Ɗauki wayarka ka duba: cikin manhajojin da kake buɗewa kullum, nawa ne kai ka zaɓa?