Dodon Koɗin Bahar Maliya da Masu Binciken Jidda

Mahajjatan ƙasar Hausa na zamanin da, waɗanda su kan ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda, sun san duwatsun murjani da ke bakin gaɓa, gama su ne matuƙa jirgi su ke tsoro. Amma kaɗan ne suka san abin da ke zaune a kansu. A cikinsu akwai wani irin dodon koɗi marar gida, mai launi kamar an rina shi. Wani ja wur ne, ya kan kusa kamu guda, in yana iyo sai ka ce mayafi a ke kaɗawa. Wani bai fi ɗan yatsa ba, da zane baƙi da fari da ruwan lemo.

Cikin 1761 Sarkin Danmak ya aiki mutum shida su binciko ƙasar Larabawa. Suka shiga jirgin mahajjata daga Suwes, suka sauka Jidda cikin watan Oktoba na 1762. A cikinsu akwai wani malami, Peter Forsskal, wanda ya yi ta tattara kifaye da ƙananan halittun ruwa yana rubuta siffarsu. Wahalar ita ce, irin waɗannan masu taushin jiki in an jiƙa su cikin barasa don ajiya, sai su takure, launin ya koɗe. Saboda haka sai an haɗa da mai zane.

Forsskal ya mutu a Yaman cikin 1763, mai zanen ma ya bi shi. Carsten Niebuhr kaɗai ya koma gida, shi ne ya buga littafin abokinsa cikin 1775. Bayansu Eduard Rüppell, mutumin Jamus, ya bi tekun nan, kuma wajen 1830 shi da Leuckart suka raɗa wa jan nan da mai zanen nan sunayen da masana ke kiransu da su.

Da aka buɗe gidan kallon kifi na farko a Landan cikin 1853, sai mutane suka fara ajiye halittun teku da ransu cikin akwatin gilashi. Jidda ma ta sami nata, watau Fakieh, cikin 2013. Kifaye da yawa sun karɓi wannan zama, har da murjani, amma dodon koɗin nan ya ƙi. Dalili kuwa, yawancinsu suna da abincinsu da ba sa sakewa. Mai zanen nan wani jan soson teku ya ke ci, daga gare shi ya ke samun dafi, launin kuwa gargaɗi ne ga kifin da zai haɗiye shi. Soson ba ya yabanya cikin akwati, don haka wanda ya sayi dodon don kyansa, sai ya ga yana ƙanƙancewa har yunwa ta kashe shi. Shi ya sa masana ke cewa a bar shi a kan dutsensa, mai son gani ya nutsa ya gani.