Hilsa

hilsā̀ *sn., mc.*, babu *jm.* (da Bangalanci *ilish*, sunan kimiyya *Tenualosa ilisha*).

1. Kifin teku mai kalar azurfa, dangin sadin, da ke Tekun Bengal. Da damina yakan hauro kogunan Padma, Meghna da Hugli don zubar da ƙwai. Shi ne kifin ƙasa na Bangaladash. *Hilsar Padma ta fi tsada a kasuwar Chandpur.*

2. Naman kifin: ga maiƙo ga ƙamshi, sai dai ƙananan ƙayoyi sun yi masa yawa. *A ci hilsa a hankali, kada ƙaya ta maƙale a wuya.*

3. Girkin da ake yi da ita: (a) *shorshe ilish*, a miyar niƙaƙƙen mastad da ɗanyen barkono, (b) *paturi*, a naɗe cikin ganyen ayaba a turara, (c) *panta ilish*, soyayya, da shinkafar da ta kwana a ruwa, abincin sabuwar shekarar Bangalawa, 14 ga Afrilu a Bangaladash.

*Masu alaƙa:* kīfin hilsā̀ *nj.*, *jm.* kīfā̀yen hilsā̀, jatkā̀ *sn.*, ƙaramar hilsa da ba ta kai santimita 25 ba, Bangaladash ta hana kama ta daga Nuwamba zuwa Yuni.